Daga Harba-ka-ruga Zuwa Libarba: Tarihin Harbi na Biyu a Ƙasar Kano

Cikin sunayen da Bahaushe ya raɗa wa bindigar gargajiya akwai wanda ya fi kowanne faɗin gaskiya, wato harba-ka-ruga. Ka harba, ka ruga. Me ya sa za ka ruga? Saboda harbi ɗaya gare ka. Kafin ka sake ɗura ta, wanda ka kuskure ya iso kanka, ko ɓauna ce ko mahayin doki.

Wannan ɗan lokaci da ke tsakanin harbi na farko da na biyu shi ne ginshiƙin tarihin bindiga. Shi ya sa kibiya ta daɗe tana mulkin fagen fama a ƙasar Hausa bayan zuwan bindiga. Shi ya haifi ƙaramar bindigar hannu mai juyawa da kakanninmu suka kira libarba. Shi ne kuma dalilin da ya sa a yau mutum a Amurka zai shiga kanti ya zaɓi tsohuwar libarba mai araha don wasan harbin allo, amma maharbi a Nariya ko Rano, in ka ga bindiga ta halas a kafaɗarsa, galibi irin ta shekara ɗari biyu da suka wuce ce. Bari mu bi abin daki-daki.

Kalmomin sun riga sun ba da labari

Duba kalmomi uku: bindiga, albarushi, harsashi. Dukkansu daga Larabci suka zo mana. Bindiga daga "bunduƙiyya", albarushi daga "al-barud", harsashi kuma daga "ar-rasas", wato darma. Wannan ya nuna ta inda muka fara jin labarin makamin: ta arewa da gabas, ta bakin fataken Sahara da mutanen Barno. Ita kuwa libarba kalmar Turanci ce da bakin Bahaushe ya lanƙwasa, ma'anarta "mai juyawa". Ita a hannun Bature muka fi saninta.

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ce a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Barno da dawakai da tambura da tutoci da bindigogi. Masana da yawa na ganin ambaton bindiga a wannan ƙarni ya yi wuri, mai yiwuwa marubucin ya shigar da abin zamaninsa cikin labarin dā. Abin da ya fi tabbata shi ne, a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta. A 1591 kuma rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi da bindigogi, duk da cewa mutanen Songhai sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

A Kano, littafin tarihin ya ce a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nupe. Sarki Babba Zaki kuma, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Lura da sauyin hanya: yanzu daga kudu makamin ke hawowa, daga bakin teku. A can ne Turawa ke sauke dogayen bindigogi masu araha, akasarinsu ƙirar birnin Birmingham na Ingila da Liège na Beljiyam. Turawan Ingila sun laƙaba musu sunan mutanen Denmark, waɗanda ke da sansanin ciniki a Osu, cikin Accra ta yau.

Me ke faruwa a cikin bututun?

Albarushi haɗi ne na abu uku: gawayi, da farar wuta, da wani gishiri mai suna fotashiyam naitiret. Gawayi da farar wuta su ne makamashi. Shi kuwa gishirin aikinsa ba da iskar oksijin, don haka wutar ba ta jiran iskar waje, tana ci ko a rufe. Da ta kama, sai garin ya rikiɗe ya zama iska mai tsananin zafi da ke neman wuri, ba ta da mafita sai ta bakin bututu, sai ta tunkuɗa harsashin gaba.

To ta yaya wutar ke kamawa? Tsohuwar bindigar da ƙyastu ne a jikinta. In ka ja kunama, sai dutsen ƙanƙara ya daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da ke wani ƙaramin kasko, wutar ta bi wata 'yar ƙofa ta shiga ciki.

Ga matsalolin. Na ɗaya, ɗuri. Sai ka tsai da bindigar, ka zuba albarushi ta baki, ka sa harsashi da tsumma, ka daddaƙa da sanda, ka zuba na kasko, ka ɗana. Sojan Turai da ya sha horo yana harbi biyu zuwa uku a minti ɗaya, wanda bai sha ba kuwa sai abin da hali ya yi. Na biyu, saiti. Cikin bututun sumul yake, harsashin kuma bai cika shi ba, don haka yana fita yana tangaɗi, in abu ya wuce taku ɗari sai dai sa'a. Na uku, kusan rabin albarushin ba ya zama iska, toka da hayaƙi yake komawa, ya toshe bututu, ya rufe wa maharbi ido. Na huɗu, albarushi na shan raɓa. Na biyar, in ƙarfen bututun ba mai kyau ba ne, ko aka cika masa ɗuri, sai ya fashe a hannun mai shi.

Dalilin da kibiya ta daɗe

Yanzu kwatanta da ɗan baka. A cikin mintin da ɗan bindiga ke fama da sanda, shi ya saki kibiya shida ko fiye. Bakansa da kwarinsa a gida ake yi, ba sai an jira ayari daga Nupe ba. Sannan bakin kibiyar akwai dafi, wanda aka fi haɗawa da 'ya'yan ƙwanƙwani. Sinadarin da ke cikin wannan tsiro yana hana wani famfo da ke jikin ƙwayoyin tsokar zuciya aiki, famfon da ke musayar sodiyam da fotashiyam. In ya yi yawa a jini, bugun zuciya ya rikice, ta tsaya. Ke nan ko ƙwarzane kibiya ta yi, ta gama aikinta.

Shi ya sa har cikin ƙarni na 19 ƙarfin runduna a ƙasar Hausa doki ne da mashi da takobi da baka, ga sulke da lifidi. A 1826 Bature Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙar Gobirawa. Ya ƙiyasta mayaƙan sun kai dubu 50, amma bindigogin da ya gani ba su kai 50 ba. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ana shigo da ruwan takobi kusan dubu 50 a shekara, akasari ƙirar Solingen ta Jamus. Bindiga kuwa kaɗan ya gani a kasuwa. Ya ce ƙananan bindigogin hannu a asirce fatake ke sayar wa sarakuna da manyan gari.

A kudancin Kano, ƙasar Rano da Kibiya da maƙwabtansu, abin da ya dami mutane a rabin ƙarshe na ƙarnin shi ne harin Ningawa, waɗanda ke fitowa daga duwatsu su kai farmaki su koma. Maganin da aka fi dogara da shi ganuwa ce da ƙofa da 'yan baka a kan badala. Ko sunan garin Kibiya ya zo daidai da makamin da ya tsare irin waɗannan garuruwa.

Ba wai sarakuna ba su ga amfanin bindiga ba. Sun gani, shi ya sa suka riƙe ta kusa da jiki. A Kano, a hannun bayin sarki aka fi barin ta, ƙarƙashin manyan bayi irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, don kada wani hakimi ya tara ta ya yi wa sarki tawaye. A Damagaram, Sarki Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ana zuba igwa a Zinder. Rabeh kuma da rundunar 'yan bindiga masu horo ya ci Barno a 1893. Ka ga tun kafin Bature, tambayar "wa zai riƙe bindiga?" tambaya ce ta mulki.

Yadda aka samo harbi na biyu

Yayin da ake wannan a nan, a Turai da Amurka ana ta warware matsalolin nan ɗaya bayan ɗaya.

A 1807 wani limamin coci a Scotland, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da wuta da sinadarin da ke fashewa in an doke shi. Daga nan aka samu 'yar hular tagulla da ake ɗorawa a gindin bututu, guduma ta doke ta, wuta ta tashi. Ƙyastu ya huta.

A 1836 wani Ba'amurke, Samuel Colt, ya yi rajistar bindigar hannu mai 'yar ganga da aka huda wa ramuka, kowane rami da ɗurinsa. Duk lokacin da aka ɗana guduma, wani ɗan ƙarfe ya tura gangar ta juya, sabon rami ya daidaita da bututu, wani ƙarfen ya kulle ta. Ta farkon tana cin harbi biyar, daga baya shida ya zama ruwan dare. Ba Colt ne ya fara tunanin ba, amma shi ya mai da shi abin da masana'anta ke fitarwa da yawa. Wannan ita ce libarba.

A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya fito da libarba mai cin harsashin kwanso, inda albarushi da darma da abin tayar da wuta duk ke cikin kwanson ƙarfe guda. Ɗuri ya koma saka abu a rami kawai, raɓa ma ba ta shiga.

Saiti fa? Aka riƙa tsaga cikin bututun da layuka masu murɗewa, harsashi ya fito yana juyi. Duk wanda ya taɓa kallon mazarin kaɗi ya san sirrin: muddin yana juyawa da sauri, a miƙe yake, ba ya karkata. Haka harsashi mai juyi ke riƙe hanyarsa.

A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi. A daidai wannan lokaci Hiram Maxim ya ƙera bindigar da ke amfani da naushin da harbi ke yi baya wajen fitar da kwanso da saka sabo, tana zuba harsashi kusan 600 a minti.

Kafin waɗannan su bazu a Afirka, sai Turawa suka rufe ƙofa. A yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda aka ce an yi don hana cinikin bayi, aka taƙaita shigar da makaman zamani a faɗin yankin da ya kama daga digiri 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu. Ƙasar Hausa gaba ɗaya na ciki. Abin da aka yarda a sayar wa jama'a shi ne bindiga mai ƙyastu marar tsaga, da albarushin kasuwa. Wato harba-ka-ruga. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Bebeji, Kano, Kwatarkwashi

A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji baƙar fata fiye da 700, da yawansu Hausawa, da hafsoshi Turawa, da igwa huɗu da Maxim huɗu. Ranar 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji, wadda ba ta da nisa da Rano. Mutanen garin suka rufe ƙofa. Harsashin igwa ya farfasa ta, sarkin garin ya rasu a wurin. Ganuwar da aka gina don tare doki da kibiya ta gamu da abin da ba don shi aka gina ta ba. Ranar 3 ga wata Kano ta faɗi, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato.

A ƙarshen watan, kusa da Kwatarkwashi, jama'ar Kano da ke kan hanyar dawowa ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi karo da wata 'yar ƙungiyar soja ta Laftana Wallace Wright, mutum 44 da hafsa ɗaya. Rahoton Turawa ya ce mahaya 1,000 da dakaru 2,000 ne suka yi ta kawo musu hari har awa biyu. Ko da an yi ƙari a lissafin, sakamakon a fili yake: Waziri ya kwanta dama, sahun sojojin bai karye ba. Mun saba cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ran nan karin maganar bai ci ba. Dabarar barade ita ce su jure harbin farko, su auka wa abokan gaba kafin su sake ɗuri. Wannan tazarar ce aka wayi gari babu ita. Ba jarumta aka rasa ba. Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris, sai Burmi a watan Yuli.

Ina libarba a cikin wannan? Tana ƙugun hafsa. Sojan Ingila ya karɓi libarba ƙirar Webley a 1887, mai harsashi shida, wadda ake karya ta tsakiya ta watso kwansunan gaba ɗaya. Gaskiya ba ita ta ci yaƙin ba. Bututunta gajere ne, iska na tsiyaya ta 'yar tazarar da ke tsakanin ganga da bututu, amfaninta a kusa ne. Igwa da Maxim da dogayen bindigogi su suka yi aikin. Ita alama ce ta wanda ke ba da umarni.

Inda ta zama abin wasa

A ƙasashen da suka ƙera ta, libarba ta samu wata rayuwa ta daban. Tun a gasar Olamfik ta farko a Athens, 1896, akwai harbin allo da bindigar hannu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, rundunoni suka koma wasu samfura, aka sayar da tsofaffin libarba jibgi a kasuwar Amurka da arha. Har yau masu sha'awa na nemansu.

Sai dai araha ba ta ado. Abin da masu wannan wasa ke fara dubawa shi ne ko gangar na tsayawa daidai saitin bututu ta kulle kafin guduma ta faɗi. In ta goce ko da kaɗan, gefen harsashi ya daki bakin bututu, ɓarɓashin darma ya fantsamo. Suna duba tsatsa a cikin bututu, domin tsofaffin harsasai na barin gishirin da ke cin ƙarfe. Babban haɗarin shi ne saka harsashin da ya fi ƙarfin bindigar. Webley da yawa da aka kai Amurka an aske gindin gangarsu don su ci wani harsashin Amurka mai sauƙin samu, alhali matsin iskarsa ya fi wanda aka ƙera su domin shi. Masana na gargaɗi a kan haka har gobe. Ita kanta Birtaniya, mahaifar Webley, ta haramta wa farar hula yawancin bindigogin hannu a 1997, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996.

Abin da dokarmu ta ce

Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda ke aiki har yanzu, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko haramtattu: igwa, bindiga mai sarrafa kanta, bindigogin soja, da libarba da duk wata bindigar hannu, har da tsohuwa mai ƙyastu. Ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Gida na biyu, irin su bindigar harbin tsuntsu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Gida na uku masu ɗuri ta baki, wato harba-ka-ruga da danginta, su ne dokar ta fi sassauta wa, sha'aninsu na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ma sai da izini. Wanda aka kama da ta gidan farko ba lasisi, ɗaurin da ke jiransa bai gaza shekara 10 ba.

Ɗora wannan a kan yarjejeniyar 1890, za ka ga layin bai gusa sosai ba: mai harbi ɗaya ta talaka, mai harbi da yawa ta hukuma. Don haka duk wanda ya tsinci tsohuwar libarba a akwatin kakansa tsohon soja, ya sani tsufanta bai fitar da ita daga gida na farko ba. Ba kayan ado ba ce a idon doka, kuma gwada ta ganganci ne. Hanya ita ce a miƙa wa 'yan sanda.

Sai dai mu faɗi gaskiya, layin da ke kan takarda ya daɗe da gogewa a daji. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu kan yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai a 2006, amma ƙauyukan Zamfara da Katsina da Kaduna sun san abin da suke gani. Ɗan banga na riƙe da bindigar zamanin Babba Zaki, ɓarawon daji na riƙe da AK-47, mai cin harsashi 30, wadda saurin wutarta ya yi daidai da na Maxim. Tazarar Kwatarkwashi ce ta dawo, sai dai wannan karon tsakaninmu.

Har kalmar ma ta sauya. A dā in an ce 'yan bindiga, ana nufin mutanen sarki, waɗanda har yanzu ke cika gari da ƙara da farin hayaƙi ranar hawan sallah, al'adar da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin kayan gadon duniya a 2024. Yau in ka ji kalmar a rediyo gabanka ne ke faɗuwa.

Masu cewa a bar kowa ya mallaki makami don kare kansa suna da hujjar da ba za a raina ba, domin wanda aka kwana ana harbi a ƙofar gidansa ba ya son dogon bayani. Amma tarihin nan ya nuna abu guda: duk wanda ya samu mai harbi shida, gobe zai tarar da mai talatin. Garuruwa irin su Rano da Kibiya sun tsira a zamanin hari ne da aikin gayya, da ganuwa, da hukumar da ta ɗauki tsaron talaka a matsayin nauyinta. Ganuwar ƙasa ta tafi. Nauyin kuwa yana nan a wuyan waɗanda doka ta ba su harbi na biyu, kuma haƙƙin jama'a ne su tambaye su abin da suke yi da shi.